Autarmu ta samu aiki a ƙurewar arewacin Alaska: me mutanen can ke ci, kuma yaya suke rayuwa?

Yayan Auta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san wurin nan da idonsa, ba labarin ji ba. Autarmu ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a Amurka da mijinta, yanzu an ba ta aikin kwantiragi a wani gari da ake kira Utqiaġvik a jihar Alaska. Ta ce mutanen garin sunansu Inupiat. Hajiyarmu ta ga wani bidiyo a waya, ga mata zaune a ƙasa suna yanka ɗanyen nama baƙi ƙirin suna ci, tun ranar ta kasa samun sukuni. Ta ce in bincika mata: da gaske ɗanyen nama ne abincinsu? A ɗakin ƙanƙara suke kwana? Kuma Musulma za ta iya zama a cikinsu ta ci abin da suke ci? Don Allah wanda ya sani ya taimaka, ni ne zan koma in yi wa Hajiya bayani.

Ɗan Birni:

Wa alaikumus salam. Ni dai shawarata ku hana ta. Garin da aka ce rana tana ɓacewa wata biyu, ga sanyi, ga cin ɗanye, me ake nema a can? Kuɗi ba su kai lafiya ba.

Maman Sadiq:

Wa alaikumus salam, Yayan Auta. Ka gaida min Hajiya da kyau, ka ce mata ta kwantar da hankalinta. Na yi aikin jinya a garin nan kafin mu dawo Anchorage, birni mafi girma a Alaska, da zama, har yanzu kuma ina da ƙawaye a can da ke aiko min da rabona idan an yi kamu.

In fara da ɗakin ƙanƙara, don shi ne mai sauƙi. Babu mai kwana a ciki. Gidajen katako ne, an ɗora su a kan turaku domin kada zafin ɗaki ya narkar da ƙasar da ke ƙarƙashi, wadda a daskare take shekara da shekaru. Akwai lantarki, akwai intanet, da iskar gas da ake haƙowa kusa da garin ake ɗumama gidaje. Ko kakanninsu ma gidan ƙasa suke ginawa, rabinsa a cikin rami, a tokare shi da itacen da teku ya koro da haƙarƙarin ƙaton kifin teku, a lulluɓe da ƙasa mai ciyawa. Garin yana da mutum kusan 5,000, da makarantu, da asibiti, da kwaleji mai suna Iḷisaġvik. A da Barrow ake ce masa, a 2016 suka kaɗa ƙuri'a suka dawo da sunan kakanninsu. Babu titin da ya haɗa shi da sauran Alaska, sai jirgin sama, sai kuma jirgin ruwan kaya da ke zuwa da bazara idan ƙanƙara ta ja baya. Shi ya sa kayan kanti ke da tsada ta fitar hankali. Bishiya ko ɗaya babu.

Maganar rana gaskiya ce. Tana faɗuwa wajen 18 ga Nuwamba, ba ta sake leƙowa sai wajen 23 ga Janairu. Amma ba duhu ne dunɗum ba duk yini, da tsakar rana akwai wani haske kamar na bayan magariba na 'yan sa'o'i. Daga wajen 10 ga Mayu kuma zuwa farkon Agusta ba ta faɗuwa sam, za ka ga yara na wasa a waje ƙarfe 2 na dare. Ni hasken ya fi wahalar da ni a kan duhun, sai da na toshe tagogi kafin barci ya daidaita.

Yanzu abinci. Abin da Hajiya ta gani mai yiwuwa quaq ne, wato nama ko kifi da aka daskarar, a yanka shi siriri da wata wuƙar mata mai siffar rabin wata da suke kira ulu, a tsoma a man dabbar ruwa a ci. Ko kuma maktak, fatar aġviq haɗe da kitsenta, baƙi a sama, fari-fari mai ɗan ja a ƙasa. Aġviq shi ne ƙaton kifin nan na teku mai shayar da 'ya'yansa, mai fitowa sama ya shaƙi iska. Babba yakan kai mita 15 ko fiye. Su mafarautan lissafinsu shi ne kowace ƙafa ɗaya ta tsawonsa tan guda ce ta nauyi. E, suna cin wasu abubuwan ba a dafa ba, kuma da dalili. Ƙasa ce da ba a noma, babu itacen girki sai wanda ruwa ya kawo, ga shi kuma fatar kifin nan na ɗauke da sinadarin bitamin C da wuta ke kashewa. Da shi suka tsira daga ciwon dasashi da ya riƙa kashe Turawan jirgin ruwa a wannan yanki. Amma suna dafawa ƙwarai. Miyar tuttu, wata irin babbar barewa mai ƙaho rassa-rassa, da shinkafa da albasa, ita ce abin da na fi ci a gidajen mutane. Akwai miyar dinya da ta agwagwar teku, akwai busasshen nama, akwai farin kifin kogi, akwai maktak dafaffe da suke kira uunaalik, mai laushi, shi ne ya fi dacewa baƙo ya fara da shi. Da bazara mata kan fita tsintar 'ya'yan itatuwan ƙasa, musamman wani mai launin ruwan lemo da ake ce wa aqpik. Akwai kuma akutuq, kitsen tuttu da ake bugawa da hannu har ya yi kumfa, a zuba nama ko 'ya'yan itace.

Abin da nake so ka kai wa Hajiya ya wuce jerin abinci. Bidiyon nan ya nuna mata baki yana tauna, bai nuna mata hanyar da naman ya bi ya iso bakin ba, kuma a nan ne mutuncin mutanen yake.

Farautar aġviq aikin shekara ne cur. Kowace ƙungiyar mafarauta tana da shugaba, umialik, shi ke da kwalekwale, shi ke ciyar da mutanensa, shi ke sayen fetur da harsashi da tanti. Tun bazara ake farauto ugruk, wata dabbar ruwa mai dogon gashin baki, a ajiye fatunta. Wajen Fabrairu zuwa Maris mata su taru a zauna ɗinki, a haɗa fata biyar ko shida ko fiye da zaren jijiyar tuttu da aka tufka da hannu. Ɗinkin nan allura ba ta huda fatar ta fita ɗaya gefen, a cikin kaurinta take bi, domin kada ruwa ya samu kafa. Na zauna na kalle su, daga safe har dare ba a tashi sai an gama, ana ɗinki ana hira ana dariya, tsofaffi na duba hannun 'yan mata. Ran mazajensu da 'ya'yansu ne a cikin ɗinkin, kowa ya san haka. Su kuma maza su fita da diga su sare hanya a kan ƙanƙarar teku, mil da yawa, har bakin inda ruwa ya buɗe. A Afrilu da Mayu su kafa tanti a can, sanye da fararen riguna, su yi shiru suna jira. Da kaka, wajen Satumba da Oktoba, da jiragen inji ake fita.

A wurinsu ba gwanintar maharbi ke kawo kifi ba. Cewa suke kifin ne ke ba da kansa, kuma gidan da ya ga matar umialik mai kyauta ce, mai haƙuri, wadda ta share rumbunta na ƙarƙashin ƙasa ta rabar da naman bara kaf, nan yake zuwa. Rumbun nan, siġḷuaq, rami ne da aka haƙa cikin daskararriyar ƙasa, dole a kwashe shi a tsabtace kafin a fita farauta. Mu ba akidarmu ba ce, su ma yawancinsu Kiristoci ne yau, addu'a suke yi a rediyo idan an yi kamu. Amma dubi abin da wannan tunani ya haifar: mutum ba ya isa ya nemi sabo alhali yana ɓoye da tsoho. Kuma ba za ka taɓa jin maharbi ya ce "gobe zan kama" ba, abin kunya ne babba.

Ran da aka kama, sai ka ji rediyon kowane gida ya ɗauki sowa. Sauran ƙungiyoyi su ajiye nasu su zo a ja tare, mutanen gari su hau baburan ƙanƙara su nufi bakin ruwa, a kama igiya maza da mata a jawo shi sama. Fiɗa kan ɗauki dare guda ko fiye, kuma rabon yana da ƙa'ida tun ta kakanni: ga na masu kamu, ga na duk kwalekwalen da ya taya ja, ga na wanda ya sa hannu a fiɗa, ga wanda za a ajiye don biki. Washegari a kafa tuta a gidan umialik, a dafa nama da harshe da zuciya da ƙoda da uunaalik, duk wanda ke garin ya zo ya karɓa. Duk wanda ke garin, har ni baƙuwa daga Afirka, har direban tasi ɗan Filifin. Tsofaffin da ba sa iya fita a kai musu har gida. Naman nan ba a sayar da shi.

Sai ƙarshen Yuni a yi bikin Nalukataq. Ƙungiyoyin da suka yi kamu su ne masu masauki. A kafa shinge don tare iska, jama'a su zauna iyali-iyali da robobinsu da ledojinsu. A buɗe da addu'a, a fara da miya da shayi, sai mikigaq, naman da aka tsima a cikin jininsa har ya yi tsami, sai can da yamma quaq da maktak. Masu rabo na bi layi-layi suna tambayar iyali nawa ne a nan. Bayan haka a kwance fatar kwalekwalen nan da aka ɗinka, a mai da ita shimfiɗa, mutane su kama gefe-gefe su riƙa cilla mutum sama, shi kuma yana watsa wa yara alewa. A rufe da kiɗan ganga mai faɗi da rawa. Abin da ya rage a rumbu a sake rabawa a coci ranar bikin godiya na Nuwamba da ranar Kirsimeti. Umialik zai kashe dukiya mai yawa a shekara, abin da zai samu shi ne a ce ya ciyar da gari. Na zauna wurare da dama, ban ga inda aka ɗaure arziki da ciyarwa tamau kamar nan ba.

Ɗan Birni, sanyi akwai shi, tsakiyar hunturu awo 25 zuwa 30 ƙasa da sifili ba abin labari ba ne, iska kuma ta ƙara masa kaifi. Amma da kaya masu kyau mutum na zuwa aiki ya dawo lafiya lau.

Almajirin Malam:

Allah ya saka wa Maman Sadiq da alheri. In ɗan taɓa ɓangaren hukunci gwargwadon abin da muka karanta. Abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya buƙatar yanka, ko wa ya kamo shi. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta faɗa, ga kuma hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Sannan akwai ƙissar rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah, Allah ya yarda da shi, da yunwa ta kama su a gaɓar teku, teku ya jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci, da suka koma Madina Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar musu, har ya ci daga abin da suka rage. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce ko da tana daɗewa a tudu. To maktak da man ugruk babu damuwa. Barewar tudu da tsuntsaye da wanda ba Musulmi ba ya harbo, wannan akwai maganar malamai a kai, ta tambayi malamin da ta amince da shi kafin ta tafi. Salla da azumi kuwa, a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa, ƙiyasta lokaci ake yi, wasu da gari mafi kusa mai dare da rana, wasu da Makka. Hujjar ita ce hadisin kwanakin Dujal. Akwai masallaci a Anchorage, ta nemi jadawalin da suke bi. Allah ne mafi sani.

Ɗalibi a Fairbanks:

Salam. Karatun muhalli nake yi a nan Alaska, bari in ƙara abu ɗaya don masu cewa ana ƙarar da kifin aġviq. Waɗanda suka kusa ƙarar da shi Turawa 'yan kasuwa ne, da suka shigo tekun daga 1848 suna neman mai. A 1977 hukumar duniya mai kula da farautar irin wannan kifi ta hana Inupiat farauta, bisa ƙiyasin cewa saura ƙasa da 2,000. Mafarauta suka ce ƙidayar ba daidai ba ce, masu ƙirga na tsaye a bakin ƙanƙara suna ƙirga wanda suka gani ne kawai, alhali da yawa na bi ta ƙarƙashi, suna fasa ƙanƙara da kai su yi numfashi. A shekarar suka kafa tasu hukumar ta mafarauta. Da aka zo aka saka na'urorin sauraro a cikin ruwa, maganar tsofaffi ce ta tabbata. Ƙidayar 2011 ta ba da kusan 17,000. Yau ƙauyuka 11 ne ke farautar bisa kason da aka yanka musu. Kifin kan wuce shekara 100 da rai, an sha samun tsofaffin kawunan mashi na dutse a jikinsa. Barazanar yanzu ɗumamar yanayi ce: ƙanƙarar teku ta yi siriri, rumbunan ƙasa na narkewa suna cika da ruwa, teku na cin gaɓa. Mutanen Shishmaref, wani ƙauyen Inupiat a Alaska, sun kaɗa ƙuri'ar tashi daga tsibirinsu a 2016 saboda zaizaya.

Yayan Auta:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya, ta ce a gaida Maman Sadiq, ta ce mutanen da ke kai wa tsofaffi abinci har gida ba abin tsoro ba ne. Anti, saura tambaya ɗaya daga ita Auta: me ya kamata ta kiyaye a mu'amala da su, musamman marasa lafiya?

Maman Sadiq:

Ina amsawa. Ka ce wa Auta ta rage sauri a magana. Idan ta yi wa tsoho tambaya ya yi shiru, tunani yake, kada ta cike shirun da wata tambayar. Ta riƙa kallon fuska: ɗaga gira na nufin e, yamutsa hanci na nufin a'a, yara musamman haka suke amsawa, baƙo sai ya ɗauka an ƙyale shi. Tsofaffi ake fara ba abinci da wurin zama. Idan ta shiga gida ta cire takalmi a ƙofa. Idan an miƙo mata abinci ta karɓa ta yi godiya ko ɗan kaɗan za ta taɓa. In ba za ta iya ba ta faɗa da ladabi, suna ganewa, abin da ke musu ciwo shi ne yatsine fuska. An daɗe ana raina musu abincinsu. Tsofaffin da za ta yi jinya da yawansu an kai su makarantun kwana masu nisa suna yara, an hukunta su don sun yi yarensu, shi ya sa yau masu jin Inupiaq sosai yawanci manya ne, matasa na ƙoƙarin koyo a makaranta. Za ta kuma ga 'yan mata da zane a haɓa, layi-layi. Al'adar kakanni ce da aka dawo da ita, ba shashanci ba.

Wani abu da zai yi mata daɗi: suna sa wa jariri sunan wanda ya rasu, daga nan kuma a riƙa girmama shi da matsayin mai sunan. Za ta ji dattijuwa na kiran jaririya "mamata". Yadda muke ce wa takwaran mahaifi Abba, takwarar uwa Ummi, haka abin yake, sai dai nasu ya fi zurfi, kuma sunan ba ya bambanta mace da namiji. Yaro kuma in ya yi kamunsa na farko, ba ya ci, tsoho ake kai wa.

Ta fuskar aiki, ta san abubuwa uku. Tsimammen nama in an yi shi a rufaffiyar roba a wuri mai ɗumi maimakon yadda kakanni ke yi a sanyi, yana iya haifar da guba mai shanye jiki. Mutum ya zo da gani bibbiyu, da bushewar baki, da wahalar haɗiya, ta tambayi abin da ya ci da wa ya ci tare. Naman farin beyar da na wata ƙatuwar dabbar teku mai haure biyu sai an dafa sosai saboda tsutsa, hantar beyar kuwa guba ce, su kansu ba sa ci. Na uku ya fi nauyi: giya da kashe kai a tsakanin matasa ciwo ne da ya taɓa gidaje da yawa. An hana sayar da giya a garin, wasu ƙauyukan ma an hana shigo da ita. Gari ne ƙarami, kowa ɗan'uwan kowa ne, to ta riƙe sirrin marasa lafiya da kyau, kada ta yi hirar asibiti ko a tasi.

Kayan sanyi kada ta saya a inda take, ta bari sai ta sauka Anchorage ta sayi na gaske, takalmi da safar hannu su ne gaba. In ta zauna ta nemi mai ɗinka atigi, rigar sanyinsu mai gashi a bakin hula, gashin ne ke kare fuska daga iska. Ta tafi da bitamin D don watannin duhu, da labule mai kauri don watannin haske. Idan an yi sanarwar beyar ya shigo gari ta zauna a ɗaki, kuma kada ta bi bakin teku ita kaɗai. Yaji da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya ta cika jaka, can ba za ta samu ba; in ta yi miya ta zuba wa maƙwabta, su ma suna son ɗanɗana na baƙo. Ka turo min saƙo ta akwatin sirri in ba ka lambata, ta kira ni kafin ta sayi tikiti.